Shafawa, Kankarewa ko Sare Yaɓe: Wanne Ya Dace da Bangon da Fentinsa Ya Lalace?

Duk wanda ya tashi gyaran gida a Sakkwato, ko don ƙaratowar Sallah ko don za a kawo amarya, yakan iske kansa tsakanin shawarwari uku da ba sa jituwa. Mai fenti zai ce a sayo bokiti biyu a shafe bangon a wuce wurin. Wani zai ce sai an kankare tsohon fentin tas, an yi sikiridin, wato siririn shafin da ke daidaita fuskar bango, sannan a shafa sabo. Birkila kuwa, idan aka kira shi, zai ƙwanƙwasa bangon da cokalin gininsa ya ce, "Alhaji, wannan yaɓen ya mutu, sai an sare shi." Kowannensu yana iya zama mai gaskiya, domin kowace hanya tana da bangon da ta dace da shi, ga shi kuma tazarar kuɗi tsakanin ta farko da ta uku tana da yawa ƙwarai. Abin da ke raba gardama shi ne sanin abin da ya kashe fentin farko, tunda idan ba a kawar da shi ba yana nan yana jiran na biyu.

Gano hakan ba ya buƙatar na'ura. A goga tafin hannu a bangon. Idan ya fito da farin gari kamar an taɓa alli, to sinadarin da ke riƙe fentin ya ƙone da rana, ko kuma tun farko an cika masa ruwa. A manna salatif mai ƙarfi a fizge shi; in ya taho da ɓawon fenti, fentin bai kama abin da ke ƙarƙashinsa ba, kuma ya kamata a dubi bayan ɓawon, domin idan akwai yashi manne da shi matsalar ta wuce fenti ta shiga yaɓe. A ƙwanƙwasa da makulli ko ƙotar guduma. Yaɓe mai lafiya yana ba da sauti a dunƙule, wanda ya rabu da bulo kuwa yana amsawa kamar an buga ƙwarya a kife. Gwaji na huɗu ya fi sauran muhimmanci, shi ne kuma aka fi tsallakewa saboda yana cin lokaci. A sami farar leda mai faɗin faranti, a manna ta a ƙasan bangon, a rufe gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu fiye da kewayensa, bangon yana shan ruwa daga wani wuri.

Hanya ta farko, wato shafa sabo a kan tsoho, ita ce mafi arha da sauri, kuma ba abin raini ba ce idan bangon ya ci gwaje-gwajen nan huɗu. Ɗakin da launinsa ya koɗe kawai, ko wanda yara suka ɓata da hannu da gawayi, ba ya buƙatar fiye da haka, kuma mai fentin da ya dage sai an yi masa sikiridin yana neman ƙarin kwanakin aiki ne. Sharaɗinta guda ne, a tsaftace bangon kafin rola ta taɓa shi. Ƙurar hunturu tana kwanciya a bango ko da ido bai gan ta ba, har a ɗakin da ake rufewa, kuma fentin da aka shafa a kan ƙura ƙurar ya kama, shi ya sa bayan 'yan watanni yake ɗagowa kamar fatar albasa. A share da busasshen burushi, a goge da tsumma mai ɗan danshi da ɗan omo, a cike ramukan ƙusa, a bari ya bushe. Idan bangon yana ba da ɗan gari a hannu, a fara da firaima, wato shafin share fage, mai ɗaure gari kafin fentin launi.

Wurin da wannan hanya ta fi kayar da mutane shi ne shafa fentin ruwa a kan fentin mai. Tsofaffin gidaje da yawa a unguwanni irin su Runjin Sambo da Tudun Wada suna da rabin bango na ƙasa da aka yi wa fentin mai mai sheƙi, irin yadda ake yi a makarantu da asibitoci don a riƙa wankewa. Fentin ruwa ba ya samun abin kamawa a kan wannan santsi, farce ma yana iya ɗaye shi bayan ya bushe. Wanda bai tabbatar da irin fentin da ke bangonsa ba sai ya jiƙa auduga da sifirit ya goga. Idan launi ya biyo audugar, na ruwa ne, in kuwa bai motsa ba, na mai ne, sai a dusashe sheƙinsa da samfefa a shafa andakot, wato fentin shimfiɗa da ake sawa a ƙarƙashin na launi, kafin a ci gaba. Haka kuma tabon ruwa a silin, da baƙin hayaƙin madafa, da rawayar da turaren wuta ke bari a bangon ɗakin mata bayan shekaru, duk suna ratso fentin ruwa su fito ko da an yi shafi uku. Maganinsu shafi ɗaya na andakot mai mai a kan tabon kaɗai, bayan an gyara kwanon da ke yoyo.

Hanya ta biyu ta dace da bangon da fentinsa ke ɓamɓarewa ko ya yi ƙuraje, ko ya cika da siraran tsaga kamar gashi, amma yaɓensa yana da ƙarfi kuma ledar ta fito a bushe. A nan shafawa kawai asara ce, domin sabon fenti idan yana bushewa yana jan tsohon da ya riga ya saki, kuma gefen duk inda ya ɓare yana fitowa ƙarara a ƙarƙashin sabon launi kamar taswira. Sai an bi da ƙarfen kankara an cire duk abin da ya saki, sannan a daidaita fuskar bangon da sikiridin, wanda masu aiki suka saba haɗawa da garin POP ko farin siminti da gam da ɗan fentin ruwa, ko kuma a sayi wanda kamfanonin fenti suka haɗa a bokiti. Aikin da aka yi da kyau siriri ne, shafi biyu marasa kauri, a goge da samfefa, a kakkaɓe garin, a sa firaima. Mai kauri yana tsagewa, wanda ba a kakkaɓe garinsa ba kuwa ya koma matsalar ƙura da aka ambata.

Babu shakka sikiridin yana ba da kyan da shafawa kawai ba za ta bayar ba, kuma bangon da aka yi wa shi ba ya shan fenti da yawa. Rauninsa ruwa ne. Garin POP daga dutsen jifsom ake yin sa, irin wanda ake haƙowa a yankin Dange da Shuni da Wurno, kuma jifsom idan ya daɗe a danshi laushi yake yi ya ruɓe. Saboda haka sikiridin na POP bai dace da katangar waje ba, ko bangon da ke jingine da banɗaki, ko ƙasan bangon da ke tsotsar ruwa. A irin waɗannan wurare, idan dole sai an yi, a nemi haɗin siminti ko wanda aka rubuta a jikinsa cewa na waje ne. Yawancin kuɗin wannan hanya a ƙwadago yake tafiya, kuma sai an kwashe kayan ɗaki gaba ɗaya saboda ƙura. A ganina, idan wuraren da suka ɓare ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na bangon ba, a yi musu faci kawai; in sun doshi rabi, yin bangon gaba ɗaya ya fi sauƙi kuma ya fi kyan gani, domin faci mai yawa yana fitowa da zarar hasken taga ya bugi bangon ta gefe.

Akwai haɗarin da ba a cika ambata ba a wajen kankara. Tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya da kore na ƙofofi da tagogi, yana iya ƙunsar dalma, kuma goge shi da busasshiyar samfefa yana mayar da ita ƙurar da yara ke shaƙa ko su kai baki. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan gubar dalma bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. A jiƙa wurin kafin a goge, mai aiki ya sa takunkumi, a fitar da yara da masu juna biyu, a kuma goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya.

Tsaga kuma kala biyu ce. Siririya wadda ba ta wuce fatar yaɓe ba, sikiridin yana rufe ta. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta ratsa bango har ana ganinta ta ɗaya gefen, alamar motsin harsashi ce, kuma an fi ganin irinta a gidajen da aka gina a kan cikon fadama ta wajen Gulbin Rima, inda laka ke kumbura da damina ta tsuke da rani. A ɗora ɗan dunƙulen POP a kan tsagar a bar shi makonni. Idan ya tsage, bangon yana motsi, aikin na injiniya ne da magini, mai fenti ba shi da abin yi a nan tukuna.

Hanya ta uku ita ce mafi tsada da ɓata lokaci, ita ce kuma masu gida suka fi gudu, alhali akwai bangon da ba shi da wani magani sai ita. Alamarsa sananniya ce. Daga ƙasa zuwa kimanin tsayin gwiwa ko ƙugu, da wuya ya wuce mita ɗaya, fenti ya kumbura ya fashe, farin abu kamar kanwa ya fito, yaɓen yana marmashewa idan aka danna da yatsa. Abin da ke faruwa shi ne, ruwa yana shiga bulo daga ƙasa, ya narkar da gishirin da ke cikin ƙasa da yashi da siminti, ya hau da shi. Idan ya iso fuskar bango, ruwan ya tashi da zafi, gishirin ya daskare a ƙarƙashin fenti, kuma ƙarfin daskarewarsa ne ke tura fentin da yaɓen waje. Zafin Sakkwato, wanda ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana hanzarta wannan aiki, domin yadda ruwa ke saurin tashi haka gishiri ke saurin taruwa. Wanke shi da ruwa mai yawa mayar da shi cikin bango ne. Da busasshen burushi ake kakkaɓe shi.

Kafin a sa guduma a bangon sai an gano inda ruwan ke fitowa, in ba haka ba sabon yaɓen ma zai bi sahun tsohon. Sau da yawa dalilin yana kusa. Wataƙila an ciko titi ko lungu da jar ƙasa har ya fi daɓen gida tudu, ruwan sama na Agusta yana kwanciya a gindin katanga. Wataƙila indararo yana zuba kai tsaye a jikin bango, ko kwata ta toshe, ko wurin wanke-wanke da alwala yana manne da ɗaki ba tare da daɓe mai gangara ba, ko bututun famfo da aka binne a bango yana ɗiga, ko na'urar sanyaya ɗaki tana zubar da ruwanta a wuri ɗaya shekara da shekaru. Akwai kuma gidajen da tun a harsashi ba a shimfiɗa ledar hana danshi ba, waɗannan su ne masu wahalar sha'ani, kuma abin da za a iya yi musu shi ne rage ruwan da ke isa gindinsu ta hanyar zuba kankare mai gangara a kewayen ginin da gyara magudana.

Bayan an tare ruwan, a sare yaɓen har bulo, a wuce iyakar tabon da kimanin ƙafa ɗaya, a bar bulon a buɗe ya sha iska na wasu makonni. Sabon yaɓen a yi shi da yashi mai tsabta wanda ba shi da laka, awo ɗaya na siminti ga awo huɗu na yashi, da sinadarin hana ruwa da ake zubawa a kwaɓi. Abin mamaki ne yadda birnin Sakkwato, wanda masana'antar siminti ta Kalambaina ke bakin ƙofarsa, yake cike da yaɓen da aka yi wa rowar siminti, buhu ɗaya a ja shi har ya rasa ƙarfi. Sannan a riƙa ba shi ruwa safe da yamma na kusan mako guda, domin siminti da ruwa yake yin ƙarfi, wanda rana ta busar da shi a yini ɗaya kuwa gari yake zama. Daga nan sai haƙuri na kimanin mako huɗu kafin fenti. Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, kuma duk wanda ya ga yadda ake haɗa mai da ruwan toka a yi sabulun salo zai fahimci abin da ke samun fentin mai idan aka shafa shi a kan sabon yaɓe: laushi yake yi ya yi danƙo ya saɓule. Firaima mai jure kaifin siminti ita ce shafin farko a nan.

Mutane da yawa suna kauce wa wannan wahala ta hanyar manna tayil a ƙasan bango, kuma dole a yi wa wannan zaɓi adalci. Yana da kyan gani, ana wanke shi, yana kare bango daga feshin ruwan sama da na wanki, saboda haka idan ruwan daga waje yake bugowa, tayil magani ne na gaske. Idan kuwa daga ƙasa yake hawowa, tayil ya toshe masa mafita ne kawai, sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman layin tayil ɗin, ko ya koma ta cikin ɗaki. Fentin mai a ƙasan bango mai danshi ma haka yake yi, har ya fi saurin kumbura. Gidajen ƙasa na cikin tsohon gari da aka yi wa rigar siminti suna da irin wannan ciwo, domin siminti da jar ƙasa ba sa riƙe juna, kuma danshin da makuba ke bari ya fita siminti yana tsare shi. A irin wannan bango farar ƙasa, duk da tana gogewa a jikin riga kuma tana son sabuntawa kowace shekara, ta fi fenti mai toshe numfashi amfani.

Idan an zaɓi hanya, saura irin fentin da za a ɗora. Fentin ruwa marar sheƙi ya fi arha, yana ɓoye ƙananan aibobin bango, yana barin danshi ya fita, amma ba ya jure wanki sosai. Satin yana da ɗan sheƙi kuma ana goge shi da tsumma, ya dace da falo da zaure da duk inda hannu ke yawan taɓawa, sai dai yana tona asirin bangon da ba a daidaita ba, don haka da sikiridin yake tafiya. Fentin mai a bar shi ga ƙofofi da tagogi da ƙarafa. A waje, teskot, wato fenti mai kauri da kaushi, yana rufe siraran tsaga kuma yana daɗewa, amma kaushinsa matattarar jar ƙura ce, farin teskot ba ya kai hunturu biyu da farinsa, kuma ranar da aka so canza shi cire shi aiki ne ja. Fentin ruwa na waje mai santsi, irin wanda kamfanoni kamar Dulux da Berger da Sandtex ke yi, ya fi sauƙin wankewa da sabuntawa. Game da launi, ruwan ƙasa da ruwan madara da jan ƙasa sun fi jure rana fiye da shuɗi mai duhu ko ja mai haske, kuma bango mai duhu yana tara zafin da ɗaki zai kwana da shi.

Lissafin yawan fenti yana taimaka wa maigida ya gane ko ana cika masa ruwa. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafi ɗaya a kan bango mai santsi. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi yana da bangon da ya kai kimanin murabba'in mita 40 bayan an cire ƙofa da taga, wato lita 8 ke nan don shafi biyu, galan biyu masu lita huɗu-huɗu, ban da silin. Bango mai kaushi ko sabon yaɓe zai sha fiye da haka. Mai fentin da ya yi alƙawarin gama ɗakuna biyar da bokiti ɗaya mai lita 20, da ruwan randa zai cika alƙawarin, kuma wannan fentin ne zai zama garin alli a tafin hannu badi. Ruwan da za a ƙara kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin.

Lokacin aiki ma yana cikin zaɓi. Watan Agusta zuwa farkon Satumba ne lokacin da bango ke nuna duk inda yake shan ruwa, sai a bi da alli a zana iyakar kowane tabo, domin da rani ɓacewa yake yi a ɗauka ya warke. Aikin magudana da sare yaɓe ya fi dacewa da Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, yadda busasshiyar iskar da ke biyowa za ta tsotse danshin bulo. Fentin cikin ɗaki ana iya yin sa a hunturu idan an rufe tagogin da ke fuskantar iska, tunda fentin ruwa yana shan iska cikin awa guda kuma ana maimaita shi bayan awa biyu zuwa huɗu. Fentin mai kuwa, wanda ke kwana kafin a yi masa shafi na biyu, ranar hazo ba ranarsa ba ce, duk ƙurar da ta sauka a kansa ta zauna ke nan. A bazara, bangon da rana ta gasa yana busar da fenti kafin ya kama, sai sawun rola ya fito kuma ƙuraje su tashi. Wanda dole ta sa shi aiki a wannan lokaci ya fara da bangon yamma bayan sallar Asuba, ya bar na gabas sai bayan La'asar, lokacin da inuwa ta daɗe a kansa ya huce.